Lamba Sha Ɗaya Bai Gaji Ba

Momo Nemani manomin gwaza ne a ƙauyenmu, can gaɓar teku a lardin Ra. Shekara ashirin da biyu shi ke riƙe tutar gefen fili duk ranar wasan ragbi, ba takalmi, ƙafafunsa kamar sassaƙen turmi. Ba ƙanen uwata ba ne, amma duk muna kiransa Momo, wato kawu a yarenmu. Ni nakan ce masa tutar ce ke ɗauke da shi. Shi kuma yakan ce bakina ya fi ƙafata gudu.

Ɗansa Apisalome ne mai riga lamba sha ɗaya, ɗan gefen hagu. Ya fita kamun kifi, teku ba ta dawo da shi ba. Dattawa suka ce ba mai sa rigar sai an cika dare ɗari na makoki, don haka mu sha huɗu muke shiga fili. Ni ne zan gaje ta, kwanaki nake ƙirgawa, Allah ya yafe mini.

Ranar karawa da maƙwabta wata malama, Mereoni, ta zo daga birnin Suva da 'yan na'urori masu auna gudu. Ta bi riguna sha biyar a ɗakin coci ta maƙala wa kowace ɗaya a wuya. Ba wanda ya gaya mata Momo yakan ɗauki ta sha ɗayan ya sa a ƙarƙashin tasa.

Bayan wasa muka zagaye ta. Manyanmu masu ture-ture sun yi kilomita biyar, na baya shida da 'yan kai.

Na nuna malalacin cikinmu na ce, "Malama, duba ta Jope da kyau, ko a aljihun kare ta faɗa."

Ta yi dariya ta ce, "Wane ne sha ɗaya? Ya yi takwas. Ya fito in gaishe shi."

Ba wanda ya motsa. Ta juyo mana da allon kwamfutarta. Zanen gudun ya bi gefen fili, gaba da baya, kamar yadda mai tuta ke yi. Amma sau uku ya karya ya shiga ciki, har ƙarƙashin sandunan gola.

Kocinmu ya ce a hankali, "Nemani, ka shiga fili ne?"

"Shekara ashirin da biyu ban taɓa taka layin nan ba."

Malama ta ce na'ura takan yi kuskure in da hadari. Ranar ko gajimare babu.

Da dare ɗari suka cika, Momo ya zo gidanmu da hantsi, rigar a ninke. Ya ce, "Ga ta, ɗana. Sai dai ka gani da idonka, bai gaji ba."

Na ce ta yi mini yawa a kafaɗa, ya ƙara riƙe mini ita.

Yanzu da riga lamba sha shida nake buga gefen hagu. In na tsere da ƙwallo, ina jin ƙafafun Momo a wajen layi, ba na waiwayawa in ga ko shi kaɗai ne.