Waƙoƙin Malam Dodo a Cikin Kwamfuta

Usmanu mutumin Ƙonni ne. Tuƙin babbar mota ya kawo shi Wagadugu, ciwon baya ya zaunar da shi a Zongo, inda ya buɗe shagon buga takardu. Katin suna, katin aure, duk nasa ne. Mutumin kirki ne, sai dai taurin kai, in ya ce eh ko liman bai isa ya juya shi ba.

Gadonsa guda ne a duniya: waƙoƙin wa'azi da mahaifinsa Malam Dodo ya rubuta da ajami, gara ta soma ci. Ya sayi wata manhaja, wato lojisiyel, ta wani kamfanin waje mai fitar da ajami tsaf, ya duƙufa yana kwafe su. 'Yarsa Zulfa, da ta karanci kwamfuta, ta hana shi sakat.

"Baba, wannan lojisiyel ɗin a kulle yake. Masu shi kaɗai suka san cikinsa. Ga na kyauta wanda kowa ke iya buɗewa ya gyara, mu zuba su a can."

"Abin da ba shi da mai shi?" in ji Usmanu. "In ya lalace wuyan wa zan kama? Araha ba ta ado, 'yar nan."

"Ba zancen araha ba ne, Baba. In sun rufe kamfanin fa?"

Ya ce ta tashi ta ba shi wuri.

Da ya gama kwafewa, ya dubi tsofaffin takardun, sun zama gari, ga sunan Allah a kowane layi. Bai yarda a taka su ba. Ya naɗe su a farin ƙyalle, ya kai bayan gari ya binne, kamar yadda ya ga manya na yi. Ranar har da sadaka ya yi don murna.

Ana nan kamfanin ya rufe, tsohuwar kwamfutar kuma ta mutu da damina. Zulfa ta ceto fayilolin, amma babu abin da ya iya buɗe su. Ta zaga shagunan kwamfuta na unguwannin Tampouy da Wemtenga, ta roƙi masana na nesa, abin da ya fito 'yan akwatuna ne a jere a madadin haruffa. Ba ta taɓa ce masa ai na faɗa ba, wannan kuwa ya fi yi masa ciwo.

Yanzu bayan la'asar yakan zauna ya rera abin da ya tuna, tana bugawa. Farkon kowace waƙa na zuwa da sauƙi. Daga tsakiya sai muryarsa ta tsaya, ya yi ta motsa leɓe, idonsa ya cika. Zulfa ta ɗaga yatsu tana jira.

"Baba, in bar fili?"

"A'a," ya ce. "Kar a zaci Malam ne ya yi shiru. Rubuta: a nan Usmanu ya manta."