Ranar da Muka Ƙi Shiga Mota

A shekarun da shugaban Libiya ya juya wa Larabawa baya ya ce shi ɗan Afirka ne, ina tuyar masa a unguwar Abdulkafi, cikin Sabha. Ko'ina taswirar Afirka, rediyo kullum maganar 'yan'uwantaka. Mun ji daɗin abin, ba zan yi ƙarya ba, don an buɗe mana hanya. Amma hanyar tana da mai ita, wani attajiri ɗan gari mai manyan motoci, da ke shigo da taba da mutane ta hamada, ya fitar da mai da wasu kayan da ba a faɗa. 'Yan sanda ba sa ganin motocinsa. Shi kuma duk ranar da gwamnati ke son taro, shi ke cika mata fili da mu baƙi.

Ƙanena direbansa ne, magidanci mai taurin kai tun yana goye. Wata rana aka loda masa akwatuna, ya ɗaga murfin ɗaya ya ga bindigogi, ya ajiye makulli ya ce ba da shi ba. Kafin la'asar 'yan daban attajirin sun jefa shi a bayan mota. Wani mai ban ruwa ya raɗa mini cewa yana ɗaure a wata gona a Wadi Bawanis, cikin ɗakin injin ruwa, ana dukansa. Na je wurin 'yan sanda har takalmina ya cinye, kullum sai a ce mini "bukra", wato gobe. Na tsorata ƙwarai, masar ma ƙonewa take yi a tanda ina kallo.

Ana nan sai aka ce wasu shugabannin Afirka za su sauka filin jirgi. Aka aiko mana cewa matan Hausawa su ci ado, mu ne sahun gaba, mu yi guɗa. Na tafi wurin shugabarmu, wata tsohuwa 'yar Damagaram mai sayar da turare, na faɗa mata ni ba zan iya ba. Ta daɗe tana tauna goro, sannan ta ce in je in sa atamfata mafi kyau.

Da safe motocin attajirin suka jeru a bakin titi. Muka fito fes, lalle da ɗankwali, ƙamshi kamar za a kai amarya. Tsohuwa ta shimfiɗa tabarma a gaban motar farko ta zauna, mu ma muka zazzauna. Direbobi suka yi ta danna oda, ko motsi ba mu yi ba.

Can sai ga jami'in gwamnati mai shirya taron, gumi ya jiƙa masa riga, da tafinta a bayansa. Ya tambayi abin da ya faru.

"Ka gaya mishi," tsohuwa ta ce wa tafinta, "mu a wurinmu gidan da ɗansu ke ɗaure ba a guɗa. Ba ƙi muka yi ba, maƙoshin ne ba ya buɗewa."

Jami'in ya ce bai san zancen ba. Ta ce ai mai motocin nan ya sani. Ya yi barazanar kora mu ƙasarmu, ta ce to, amma baƙin nasa za su sauka su tarar da 'yan Afirka zaune a ƙasa. Ya dubi agogo, ya shiga wani shago ya buga waya. Daga waje muna jin yadda yake ɗaga murya.

Rana ta take sosai kafin wata farar mota ta tsaya, aka sauko da ƙanena. Ya rame, ido ɗaya a kumbure, yatsun hannun damansa naɗe da tsumma. Amma da ƙafarsa ya tako. Da ya gan mu cikin ado sai ya ce, "Yaya, bikin wa ake yi ba a gaya mini ba?" Dariya da kuka suka zo mini tare.

Mata suka fara shiga mota. Na gyara ɗankwali zan bi su, don an yi wa jami'in alkawari in an sako shi za mu je. Tsohuwa ta tare ni da sandarta.

"Ke koma ki ɗora mishi ruwan zafi," ta ce. "Taki guɗar ni zan yi musu."