Ranar da Aka Ce Ana Caca a Zaurena

"Malam Haruna, caca ake yi a zaurenka!" Haka maƙwabcina Alhaji Sani ya faɗo mana jiya bayan la'asar, yana nuna ɗan ludon da ke kan tabarma.

Tun rasuwar mai ɗakina zauren nan na Bungudu ya yi tsit, ba a jin komai sai tarina. Jikana Nura da abokansa ne suka raya shi, suna zuwa daga Gusau duk Asabar. Wasansu daga wani littafin almara na Turanci yake. Kowa ya ɗauki jarumi ɗaya, a jefa ɗan ludo a ga ko zai tsira. Ni ke ba da labarin, don na karance littafin tsaf.

Alhaji ya ce sai ya kai magana gaban mai unguwa. Samarin suka fara naɗe tabarma. Na san in suka fita a haka, ba za su dawo ba.

Na ce, "Alhaji, zauna ka ga cacar da idonka, ko kwabo ba a zubawa. Ga wata maharbiya dodo ya rutsa ta a kan gada. Kai za ka jefa mata."

Ya harare ni, ya jefa. Nura ya leƙa, ya ce, "Baba Alhaji, ai ka kashe ta."

"Kai, yaro! Baiwar Allah da ba ta yi mini komai ba? Miƙo in sake!"

Sai kiran magariba ya tayar da shi, ya ce a ajiye masa wuri ranar Asabar.

Ku fa, wa ya taɓa zuwar muku da faɗa, ya ƙare a kan tabarmarku?