Kwaɓin Mai-Guduma

Duk inda aka rusa gida, kafin ƙura ta lafa za ka ga Mai-Guduma tsugune a gefen baraguzai. Sana'arsa ke nan tun gashinsa na baƙi: ya zaƙulo bulon da bai fashe ba, ya kankare simintin da ya manne masa, ya jera, masu ƙaramin ƙarfi su zo su saya. Lanƙwasasshiyar ƙusa ya miƙe ta, rodi ma haka. Bayansa ne kawai ya ƙi miƙuwa.

Ba wanda ya tsana kamar maginin da ke zabga siminti. In bulo ya tsage a hannunsa sai ya ja tsaki ya ce, "Mugun mutum. Ya yi gini kamar ba za a taɓa rusawa ba."

Matarsa burinta ɗaya ne, ta kwana a ɗakin da ba na haya ba kafin ta bar duniya. Ta gaji da ɗaure kwanuka a zani duk sanda mai gida ya canza fuska, ga ƙafa ta kumbura, ko bakin ƙofa da ƙyar take kaiwa. Saboda ita, duk rusau sai ya ware bulo masu kyau ya tura a baro zuwa ɗan filin da ya gada. A haka shekaru suka ja, har ya haɗa ƙyauren wani shago da tsohon kwanon rufi mai hujojin ƙusa.

Ranar gini, ɗan ƙanensa, wanda magini ne, ya kai hannu zai farke wani buhun siminti. Mai-Guduma ya riƙe shi.

"Ƙara yashi dai."

"Baba, wannan kwaɓin ba zai riƙe ba."

"Zai riƙe. Wanda zai zo cire bulon nan bayanmu fa, shi ba mutum ba ne?"

Ba rowa ba ce, ga buhunan nan a jingine. Tausayi ne, na wani bawan Allah da ko haihuwarsa ba a yi ba.

Aka rufa ɗaki, suka sanar da mai gidan haya za su tashi. Saura kwashe kaya su tafi, sai aka kwana ana ruwa da iska. Bangon sabon ɗakin ya kwanta, rufi ya bi shi.

Matar ta ce sai an kai ta ta gani. Aka zaunar da ita kan kifaffen bokiti. Shi kuwa, don sabo, ya tsuguna ya ɗauki bulo. Bai ko nemi guduma ba, da ɗan yatsa kwaɓin ya zube. Kunya ta hana shi ɗaga kai, don ya san ƙarfin sake tura baro ya ƙare masa.

"Malam, ba wanda ya fashe?"

"Ko ɗaya."

"To, ka kyauta wa mai zuwa," in ji ta, ba tare da faɗa ba. "A mayar da ni da wuri, kada mai gida ya ba wani ɗakinmu."