Salkar da Ilu Bai Gwada Ba

Bana shekara goma sha uku ke nan da rasuwar ƙanena Ilu, wanda mutanen Ollelewa suka sani da Ilu mai keke. Allah ya ji ƙansa. Ni ban yi lakwal ba, wato boko, faɗa nake ana rubuta mini, kuma na ce kada a gyara mini magana. Ni na goye shi yana jariri, ni kuma na haɗa masa guzurin tafiyarsa ta ƙarshe.

Shekarar babban fari ce. Gero bai yi ba, gyaɗa ko irin da muka shuka ba mu mayar ba. Abin da ya rage wa gidanmu shanu bakwai ne a hannun wani Bafillace, Juli, da ya daɗe yana mana kiwo. Da ciyawa ta ƙare ya kora su yamma, sai labari muka ji wai an gan shi can bayan Belbeji, wajen Dakwaro. Ilu na da mata da ƴaƴa huɗu, ga ni da nawa, rumbu kuma hannu ya fara taɓa ƙasansa. Ya ce zai bi sawu, ya sayar da ko biyu ne a can, ya ɗoro mana hatsi a mota.

Na ce, "Da wace dabbar za ka? Jakinmu ko tashi ba ya iyawa."

Ya dafa sirdin kekensa ya ce, "Yaya, ga jakin da ba ya cin ciyawa."

Na ce, "Jakin da ƙaya ɗaya ke kwantarwa."

Bai yi musu ba, shiri ya shiga, kusan wata guda. Ya warware keken nan kaf a kan tabarma, ya wanke sarƙa da kananzir, ya yanka tsohuwar taya ya shimfiɗa cikin sabuwa saboda ƙayar aduwa. Ya je Tanut wurin maƙeri aka ƙara masa ƙarfe a mazaunin kaya na baya, aka ɗaure da ƙusoshi. Famfo, faci, gam da wayoyin ƙafa, kowanne da wurinsa a jakar fata. Kullum ya idar da sallar asuba sai ya hau. Da farko iyakarsa gona, daga baya ƙauyukan gefe, har ya kai yana zuwa Tanut ya dawo. Ya koyi rage iskar taya in ya shiga rairayi, ya san inda ake sauka a tura. Mata a bakin rijiya suna masa tsiya: "Ilu, yau ma Makka za a? A gaida mana alhazai!" Sai ya buga musu ƙararrawa ya wuce.

Salkar ruwa kuwa aikina ne. Fatar akuya ce, na sa aka jeme ta da bagaruwa, na ɗinke, na shafe da man shanu. Wata rana ya same ni ina tankaɗe, ya ce, "Yaya, a riƙa cika mini salkar nan ina gwaji da ita."

Lokacin tulu biyu ke shigowa gidan a yini, kuma ni ke riƙe da moɗa. Salka tana zufa, in ta wuni a rana ba ta dawowa yadda ta tafi. Na ce, "Ruwan da nake tsayuwa tun safe har rana tsaka kafin in samu, shi za ka ɗora a keke ka kai yawo? In nauyi kake so, ga rairayi nan, shi dai Allah bai hana mu ba."

Ya ce, "To, Yaya." Tun yana ƙarami haka yake amsa mini. Ya cika buhu da rairayi, ya auna a hannu daidai nauyin salka, da shi ya yi gwajinsa duka.

Mu mun san salka a ƙarƙashin cikin jaki, tana lilo ba abin da ke taɓa ta. Ba wanda ya tuna cewa rairayi zaune yake inda aka ɗaure shi, ruwa kuwa motsi yake da kowane taku. Ran tafiya na cika masa ita da hannuna, na ba shi gumba da ƙuli-ƙuli da dabino, da ɗan gora na ruwa. A ranar ne salkar ta fara hawa ƙarfen nan.

Bayan kwana tara wasu Buzaye masu raƙuma suka kawo keken. Sun same shi tare da gawar Ilu gindin wata aduwa, tafiyar yini gaba da Belbeji, tsakanin rijiya da rijiya, ga bazara. Kan ƙusa ɗaya ya yi ta gogar fatar har ya huda ta daga ƙasa, inda ido ba ya gani, ruwan ya tsiyaye. Sun ce ya manna facin taya a wurin, amma gam ba ya kama ɗanyar fata. Nan suka yi masa sutura. Tayoyin nan biyu kuwa, ko huji ɗaya babu.

Yanzu ga kwalta ta ratsa Tanut, ga jarkar roba a kowace kasuwa, wadda ko jifa aka yi da ita ba ta yoyo. In na gan ta a bayan keken wani sai in kau da kai. Ina tambayar kaina me Ilu zai ce da ya gani. Na san shi: sai ya cika ta, ya jijjiga, ya ɗora ya je Tanut ya dawo, sannan ya yarda da ita. Samarin yanzu kuwa sai su hau babur ba su ko duba taya ba. In na yi magana su ce tsohuwa ta faye faɗa.

Damina biyu bayan haka sai ga Juli a ƙofar gida, a ƙafa, da shanu uku da suka tsira. Yana sallama yana cewa, "Ina Ilu, mai jakin ƙarfe?" Da aka gaya masa, sai ya jingine sandarsa ya zauna a ƙasa. Can ya ce, "Yaya, ai ko ba a biyo ni ba, da na kawo su."

Nonon zuriyar shanun nan ya raini ƴaƴan Ilu, har suka tsallake farin da ya sake zuwa mana kwanan baya. Dukansu sun ɗauko halinsa: ba mai fita gona bai duba ƙotar hauyarsa ba. Wannan ya rage mana nasa, da kuma matarsa Zuwai, wadda ta ƙi wani aure, har yau in ta dama fura ni take fara miƙa wa. Ta san buhun rairayin nan, amma ba ta san wanda ya sa shi ba. In an karanta mata wannan za ta sani. Na daɗe ina roƙon Allah gafara, ita ce ban roƙa ba tukuna.