Ranar da Gwaggo ta share mini digiri

Ko zan manta komai na zaman jami'a, ba zan manta ranar da Gwaggo ta zo mana daga Danja ba.

Ina shekarar ƙarshe a lokacin, kuma binciken da zan kammala digiri da shi a kan zaren gizo-gizo ne, a ga ko za a iya ɗinke rauni da shi, tunda siriri ne ga ƙarfi. Malamina ya ce sai na tara zare mai tsabta kafin a gwada. Da aka yi hutu sai na roƙi Baba ya ba ni ɗakin ajiyar masara a gidanmu na Bakori. Na bi gonaki ina kamo manyan gizo-gizo, ina ciyar da su ƙudaje kamar mai kiwon kaji. Kowa ya san ba a taɓa ɗakin nan.

Kowa, ban da Gwaggo, yayar Baba. Ta iso ranar kasuwa, duk mun fita. Ina dawowa warin fiya-fiya, maganin ƙwari, ya tare ni tun daga zaure. Na same ta ta ci ɗamara da gyale, tsintsiya a hannu, ɗakin tas.

Na ce, "Gwaggo! Me kika yi?"

Ta ce, "Sannu za ki ce mini. Budurwa kamarki ki bar yanar gizo ta cinye ɗaki? Ba ki san talauci take jawowa ba?"

"Karatuna ne fa, Gwaggo!"

"Yo in yana kike so, zo Danja, rumbuna cike yake."

Wallahi takaici ya hana ni kuka. Me zan yi da yanar rumbu, duk ƙura da kashin ɓera? Abin haushin ma, da Baba ya dawo sai da ya sa na durƙusa na yi mata godiya, wai ta sha aiki.

Damina ta wuce, irin gizon nan ya yi wuyar samu. Abokan karatuna suka tafi hidimar ƙasa, ni kuwa na ƙara shekara guda cur.

Tun daga nan na gane ɓarnar masoyi ta fi ta maƙiyi, don maƙiyi kana tsaron kanka da shi, masoyi kuwa kai za ka buɗe masa ƙofa. Yanzu duk abin da nake ji da shi kwaɗo nake garƙama masa. Ita kuwa Gwaggo, har gobe tana ba dangi labarin yadda ta gyara mini ɗaki.