Shekarar da Na Zaɓa Mata Karatun Ingila

Ba ni na haife ta ba. 'Yar ƙanena ce. Mahaifiyarta ta rasu tana 'yar shekara uku, shi kuma lokacin yana shirin tafiya Ingila aikin likita. Bayan sadakar arba'in ya ɗauko ta da ɗan akwatinta, ya kawo mini ita gidanmu na Nassarawa GRA, ya ce, "Yaya, ga 'yarki." Allah bai ba ni haihuwa ba. Ta tashi tana ce mini Umma, maigidana Abba, mahaifinta kuma Baban Ingila.

Muka sa ta a wata makaranta irin ta ƙasa da ƙasa da ke bayan layinmu. Da ta gama aji uku na sakandare, makarantar ta kira iyaye, aka ce kowa ya zaɓa wa ɗansa hanya. Akwai tsarin Najeriya, wanda yaro zai yi jarrabawarmu ta gida ya nemi jami'a a nan. Akwai kuma tsarin Ingila, na shekara biyu, wanda daga can ake turo jarrabawar, yawancin masu yin sa kuma waje suke wucewa.

A satin ƙanena ya kira ni. Ya daɗe da yin wani aure, har da 'ya'ya maza biyu. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ce da za a sa ta a na Ingila, in ta gama sai ta koma wurinsa. Ya ƙara da cewa maganar a hannuna take, duk abin da na yanke shi ke nan. Da faɗa ya yi mini, da na samu abin riƙewa. Na kai wa maigidana maganar, ya ce shi ba zai sa baki tsakanin ɗa da mahaifi ba. Amma abincin ranar bai ci ba.

Ita ma ta gane abin da ake ciki. Yarinyar da sai na yi da gaske take wanke kofin shayinta, sai ga ta a kicin tana yanka mini albasa, tana ba ni labarin yadda za ta yi jami'a a nan Kano, kullum ta dawo gida kafin magariba.

Ranar da muka je makarantar ni da yarinyar, mataimakiyar shugaba ce ta karɓe mu, wata Kirista mutuniyar Zariya da ta koyar da ita tun firamare. Ta yi mana bayani a tsanake, ta ce yarinyar tana da ƙoƙari a kimiyya, ko wanne aka sa ta za ta iya. Ta tambaye ta wanne take so. Ba ta yi wata-wata ba ta ce na Najeriya. Malamar ta juyo gare ni ta ce, "Hajiya, ke fa?"

Zuwan ƙanena na ƙarshe ne ya faɗo mini a rai. Na gan shi tsaye a ƙofar ɗakinta tana aikin makaranta, ya rasa yadda zai shiga. Da ta ɗago ta gan shi, sai ta sauko ta durƙusa ta gaishe shi kamar baƙo, ta jira ya tafi. Na ce a raina, yarinyar nan ta rasa uwa, wannan ba yin kowa ba ne. In ta rasa uba yana raye, da hannuna a ciki.

Na ce a sa ta a na Ingila.

Muka kamo hanyar gida a mota. Sai da muka tsaya muna jiran maigadi ya buɗe mana ta ce, "Gwaggo, kin gaji da ni ne?" Tunda ta iya magana ba ta taɓa kira na da wannan sunan ba. Na ce mata a'a, na fara bayani. Ta ce ta gane, ta shige ciki.

Haka muka yi shekara biyun. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba. Takan gaishe ni da safe, ta ci abin da na dafa, ta ja ƙofarta ta yi karatu. Kitson da nake yi mata ran Asabar ta ce za ta riƙa zuwa Badawa a yi mata. Ni da na so in more ɗan lokacin da ya rage mana, sai na ƙare da jin motsinta ta bango.

Ta ci jarrabawar sosai. A filin jirgi ta riƙe hannun maigidana tana kuka, ni kuwa ta durƙusa ta ce in yafe mata. Na ce ba ta yi mini komai ba, na sa mata albarka.

Yanzu tana karatun haɗa magunguna. Bara ta zo mana Babbar Sallah. Da la'asar ta shigo ɗakina ta kwanta a gefena, tana ba ni labarin babanta: ya yi furfura, shi yake kai ta tashar jirgin ƙasa da safe, kuma in an ambaci mahaifiyarta sai ya tashi ya bar wurin. Ta ce ashe dariyarsu iri ɗaya ce. Tana cikin magana barci ya ɗauke ta. Na zauna ina yi mata fifita duk da akwai wuta, har aka kira magariba.

Bayan ta koma maigidana ya tambaye ni ko na yi nadama. Na ce masa ban sani ba. Ya ce shi ma haka, ya ɗauki butarsa ya fita alwala.